Zinare, Zaiba da Dalma: Darasin Kemistiri a Cikin Dutse Guda

Duk macen da ta taɓa sayen gwal a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ta san yadda cinikin yake tafiya. Mai shago ba ya yanka farashi da ka. Sai ya zaro ɗan ƙaramin sikelinsa mai batir, ya hure ƙurar da ke kai, ya danna ya koma sifiri, sannan ya ɗora sarƙar. Lamba ta fito, a ce giram 12.4. Daga nan ya juya maƙallin sarƙar, ya kara gilashi a ido yana neman wasu mitsi-mitsin lambobi uku da aka buga a jiki. In ya ga 916 ya ce karat 22 ce, in 875 ne karat 21, in kuwa 750 ne karat 18. Abin da 916 ke nufi shi ne, a cikin kowane kashi 1,000 na nauyin sarƙar, 916 ne zinare zalla. Ragowar jan ƙarfe ne ko azurfa da aka sirka don ta yi ƙwari, domin zinare tsantsa laushi gare shi, ba ya jure ɗaura da cirewa. Ke nan a sarƙar nan mai giram 12.4 akwai wajen giram guda da ba zinare ba ne.

Cikin 'yan mintoci an amsa tambaya biyu, an bar ta uku a rataye. Nawa ne nauyinsa? Mene ne da mene ne a cikinsa? Sannan me ya sa zinare ya zama zinare, bai zama tagulla ba, alhali launinsu ya yi kama? Waɗannan tambayoyi su ne babuka uku na farko da ake buɗe wa ɗan aji huɗu na sakandare a darasin kemistiri: awo, jinsin abubuwa, da ginin ƙwayar zarra. Akasarin ɗalibanmu hadda suke yi musu da Turanci, su juye a takardar WAEC ko NECO, su fito su karkaɗe riga. A ganina wannan asara ce babba, domin babu wasu babuka a duk manhajar da suka shafi rayuwa da dukiya a ƙasar Hausa kamar su. Dutse guda daga ramin haƙar zinare ya isa ya nuna haka.

Ido ba mudu ba

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. A kasuwar hatsi maganar tana kan hanya. To amma shi kansa mudun, me yake aunawa? Cika yake aunawa, wato yawan gurbin da abu ya mamaye. Mudun gero da na shinkafa da na garin rogo cikarsu ɗaya, nauyinsu daban-daban. Shi ya sa idan malamai suka zo mayar da zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu, zuwa lissafin kilo, sai adadin ya bambanta gwargwadon abincin da aka auna. Ban da haka, mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba, ga mai tulawa ga mai shafe baki, ga kuma mai buga gindin kwano ya lotsa don ya tauye awo.

Abu mai tsada kuwa tun tuni ba a yarda a bar shi ga kwano ba. Fataken da suka ratsa Sahara da miskali suke auna zinare, kuma har yau da shi fiƙihu ke lissafi: nisabin zinare miskali 20 ne, wanda malaman zamani da dama suka ƙiyasta da giram 85, wato giram 4.25 kowane miskali.

Giram ɗin da ke kan sikelin mai gwal daga Faransa ya samo asali. Bayan juyin juya halin ƙasar, a shekarun 1790, aka ƙirƙiro mita da kilogiram don a kawo ƙarshen rikicin ma'aunai barkatai, aka kuma gina su a kan goma-goma don lissafi ya yi sauƙi. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita a Faris. Daga 1889, kilo ɗin duniya baki ɗaya wani dunƙulen ƙarfe ne na filatinam da iridiyam, tsayinsa milimita 39, a kulle a Sebur kusa da Faris, ana kwafarsa ana rarraba wa ƙasashe. Da aka yi ta gwada shi da kwafe-kwafensa a tsawon ƙarni guda, sai aka ga sun saɓa da kimanin maikirogiram 50. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Wannan ɗan saɓanin ya isa ya hana masana barci, har a ranar 20 ga Mayu, 2019, aka yi wa dunƙulen ritaya, aka ɗora ma'anar kilo a kan wani adadi na halitta da ba ya canzawa. Mai karatu ya riƙe sunan maikirogiram ɗin nan, za mu sake haɗuwa da shi a inda ba a dariya.

Tsarin da duniya ke bi yau, wanda aka tabbatar a 1960, yana da ma'aunai bakwai na tushe, amma biyar ne ɗan kemistiri ya fi hulɗa da su: kilogiram, mita, daƙiƙa, da kelbin na zafi, sai na biyar, mol, wanda za mu zo kansa. Ƙa'idar farko ita ce lamba ba ta tafiya ita kaɗai. "Biyar" ba awo ba ne sai an ce biyar ɗin mene ne. Miligiram biyar da giram biyar tsakaninsu ninki dubu ne, kuma a takardar magani wannan tazarar tana iya zama tsakanin sallama daga asibiti da makara. Ƙa'ida ta biyu: sikelin da ke ba da amsa iri ɗaya kullum ba lalle ne mai gaskiya ba. In an taɓa shi, sau goma zai ce maka 12.4, sau goma kuma ƙarya yake yi. Maganinsa a gwada shi da dutsen awo da aka san nauyinsa.

Idan aka haɗa nauyi da cika sai a sami awo na uku, wanda ɗalibai ke kira densiti: nauyin mililita ɗaya na abu. Na ruwa giram 1 ne. Na yashi wajen 2.65, baƙin ƙarfe 7.9, tagulla wajen 8.5, dalma 11.3, zaiba 13.5, zinare kuwa 19.3. Wannan lamba tamkar shaidar ɗan ƙasa ce ga kowane abu, ba ta damu da yawansa ko siffarsa ba. Zoben zinare tsantsa mai giram 10, in aka jefa shi a ruwa, kimanin rabin mililita zai ɗaga. Na tagulla mai wannan nauyin zai ɗaga fiye da ninki biyu. Al-Biruni, masanin nan na ƙarni na 11, da wata 'yar buta mai bututu ya riƙa tarar ruwan da ƙarafa da duwatsu masu daraja suka ture yana aunawa, kuma adadin da ya samu na zinare ya kusanci na yau ƙwarai. Bayansa al-Khazini na birnin Marwa ya ƙera ma'aunin ruwa don tona asirin masu algus. Ƴan damfarar zamani sun gano cewa ƙarfen tongstin densitinsa ya yi kusan daidai da na zinare, don haka wannan gwajin shi kaɗai ba ya wadatar da mai sayen sanda guda.

Abin da ke cikin dutsen

Mu koma bakin rami. Dutsen da mahaƙi ya fito da shi cakuɗe ne: yashi, ma'adanai iri-iri, da 'yan ƙwayoyin zinare da sau da yawa ido ba ya ma gani. A nan babi na biyu yake shigowa. Masana sun kasa abubuwa gida uku. Akwai sinadarin asali, wanda ba a iya farfasa shi zuwa wani abu mafi sauƙi ta hanyar wuta ko asid, kamar zinare, dalma, farar wuta da iskar oksijin. An san guda 118, kimanin 90 daga ciki ake samu a ƙasa da yawan da za a iya ambata, sauran mafi yawa a ɗakin gwaji aka samar da su. Akwai haɗaɗɗen sinadari, inda na asali biyu ko fiye suka ƙulle da juna bisa ƙayyadadden kaso suka zama wani abu sabo, kamar ruwa da gishiri. Sai cakuɗe, inda abubuwa suke zaune tare amma kowa na riƙe da halinsa, kuma ana iya raba su da dabara.

Aikin mahaƙi kaf dabarar raba cakuɗe ne, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Ya farfasa dutse, ya kai injin niƙa, ya wanke garin a ruwa. Yashi mai densiti 2.65 ya bi ruwa, zinare mai 19.3 ya kwanta a gindin kwano. Daga nan sai a kawo zaiba, ƙarfen da yake ruwa-ruwa a zafin ɗaki, a murza ta cikin abin da ya kwanta. Ta lashe ƙwayoyin zinaren, a matse ta a ƙyalle, a sami ɗan curi mai launin toka. A ɗora curin a wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, zinare kuwa ko narkewa ba ya yi sai 1,064, don haka ita ta tashi ta bar shi. A wannan ɗan aikin an ga halaye uku da kowane abu ke iya shiga: daskararre, ruwa-ruwa, da tururi.

Mai ƙonawa yakan ce zaibar ta tafi. Ina ta tafi? Wannan tambayar ce ta haifi kemistirin zamani. Antuwan Labuwaziye, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa a 1789 aka kuma fille masa kai a 1794, ya riƙa ƙona abubuwa a cikin rufaffen gilashi yana aunawa kafin da bayan ƙuna. Kullum nauyin bai ragu ba, bai ƙaru ba. Abu yana canza kama, amma ba ya ɓacewa. Zaibar da ta "tafi" tana nan giram ɗinta cif, ta zama tururin da ba shi da launi ba shi da wari, wani ya shiga huhun mai ƙonawa da yaran da ke tsugune suna kallo, wani ya sauka a bango da ƙasa da ruwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Irin wannan haƙa ta hannu ita ce kan gaba wajen watsa zaiba a iskar duniya, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta keɓe mata sashe.

Zamfara, 2010

Zaiba dai mahaƙi ne ya sayo ta, ya san da zamanta. Abin da bai sani ba shi ne wanda ya zo a cikin dutsen.

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo, ya haura dala 1,000 a kan oza. Manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Aka riƙa kawo dutse cikin gari, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, mata na dakawa a turmi a tsakar gida, ana shanya garin a inda yara ke rarrafe. Dutsen wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Kuma tun da abu ba ya ɓacewa, duk dalmar da aka niƙa tana nan: a ƙurar tsakar gida, a tafin hannun yaro, a bakinsa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da yara masu amai da jijjiga da suma, suna mutuwa. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, shiru. Ido ya gaza. Sai da aka auna jini aka gane. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma, Abare da Bagega ta haura 400.

Dalmar jini da maikirogiram ake auna ta, a cikin kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin da za a ce lafiya lau ne, kuma daga 5 ya kamata a tashi neman inda gubar ke fitowa. Daga 45 ake sa yaro a kan maganin fitar da ita. A waɗancan ƙauyuka biyu, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce. Na'urar hannu da aka je da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce abin da take iya karantawa. A yi lissafi: yaro ɗan shekara biyu jininsa duka bai fi lita guda ba. Maikirogiram 45 sau goma ya ba da 450, bai kai rabin miligiram ba. Ƙwayar farasitamol guda miligiram 500 ce. A raba ta gida dubu, kashi ɗaya ya fi nauyin duk dalmar da ke yawo a jinin yaron da ake ƙoƙarin ceto ransa.

Ƙasar ma an auna ta. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wurare a Zamfara an sami fiye da 100,000, wato sama da kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙasar dalma ce. Magani ba ya amfani in yaro zai koma cikin wannan ƙurar, don haka sai da aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana binnewa a rami, ana zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi girma, sai 2013 aka yi nata aikin, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Cikin ƙwayar zarra

Saura tambaya ta uku. Zinare da dalma daga rami ɗaya suka fito, dukansu ƙarafa ne masu nauyi da laushi. Ɗaya a rataya shi a wuya shekara hamsin ba abin da zai yi, ɗaya kuwa ƙurarsa ta kashe yaro. Ina bambancin yake?

Tunanin cewa komai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi tsoho ne, tun Girkawan da, kuma malaman ilmin kalam sun daɗe suna muhawara a kansa. Amma muhawara ce ta baki, sai da sikeli ya shigo. Jon Dalton, malamin makaranta a Manchesta, ya lura cewa sinadarai kullum bisa ƙayyadadden kaso na nauyi suke haɗuwa, ya ce a 1808 hakan na nufin kowane sinadarin asali yana da irin ƙwayarsa mai nauyinta. A 1869 Dimitiri Mendeliyef na Rasha ya jera sinadaran da aka sani bisa nauyi da hali, ya bar gurabe a jadawalinsa ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, ya ma faɗi siffofinsu. Galiyam ya bayyana a 1875, jamaniyam a 1886, kusan yadda ya faɗa.

Ƙanƙantar ƙwayar zarra ta wuce misali. A jera miliyan goma kafaɗa da kafaɗa, da kyar su kai milimita biyu ko uku. Giram ɗaya na zinare yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin 3 mai sifiri 21 a bayanta. Tun da ba mai iya ƙirga wannan, sai masana suka yi abin da ya dace: suna ƙirgawa da sikeli. Mol shi ne tarin ƙwayoyi 6.022 sau 10 mai ƙarfin 23, kuma an san nauyin mol guda na kowane abu: ruwa giram 18, zinare 197, dalma 207. Ka auna giram, ka san adadi.

Dalton ya ɗauka ƙwayar ba ta da ciki. A 1897 J. J. Tomson a Kambirij ya gano ilektiron, ɗan mitsitsi mai cajin lantarki na ragi, wanda ke cikin kowace ƙwaya. Sannan aka zo gwajin da ya fi kowanne suna, kuma abin sha'awa da zinare aka yi shi. A 1909 a Manchesta, Hans Gaiga da Anes Masdin, ƙarƙashin Anes Rudafod, suka riƙa harba ƙananan ƙwayoyi masu gudu a kan wani siririn fallen zinare. Sukan zauna a ɗaki mai duhu har ido ya saba, su kara ido a madubin ƙara girma, suna ƙirga walƙiyar da kowace ƙwaya ke yi in ta faɗa kan allo, ɗaya bayan ɗaya. Kusan dukansu suka ratsa zinaren suka wuce kamar ba komai a gabansu. Amma ɗaya cikin dubbai sai ta yi tsalle ta dawo baya. Rudafod ya yi ta juya lamarin har 1911, ya fito da amsa: kusan duk nauyin ƙwayar zarra a dunƙule yake a wata cibiya, wadda faɗinta bai fi kashi ɗaya cikin dubun dubata na faɗin ƙwayar ba. Sauran fili ne da ilektiron ke kewayawa. Ƙarfen nan da ya fi ruwa nauyi sau 19, mafi yawansa sarari ne.

A cibiyar akwai furoton mai cajin ƙari, da niyutiron marar caji, wanda Jemis Chadwik ya gano a 1932. Kowannensu ya fi ilektiron nauyi sau 1,800 da 'yan kai. Henri Mozli, matashin da aka kashe a yaƙin Galifoli a 1915, shi ya nuna a 1913 cewa yawan cajin cibiya, wato adadin furoton, shi ne ainihin abin da ke ba kowane sinadari gurbinsa a jadawali. Haidirojin 1, kabon 6, oksijin 8, baƙin ƙarfe 26. Zinare 79, zaiba 80, dalma 82. Abubuwa ukun da suka haɗu a tsakar gidajen Anka maƙwabtan juna ne a layi ɗaya na jadawalin, kuma furoton uku kacal ne tsakanin dukiyar da gubar.

Wannan ya warware wata tsohuwar gardama. Ƙarnoni masu alkimiyya suka shafe suna dafa dalma da zaiba da farar wuta don su zama zinare. Ibn Sina ya ce ba zai yiwu ba, rini kawai suke yi wa ƙarfe, Ibn Khaldun ma ya yi watsi da sana'ar. Sun yi daidai, ko da yake ba su san dalilin ba: wuta da asid ilektiron na waje kawai suke taɓawa, ba sa isa cibiya. Sai dai a watan Mayun 2025 cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba ta ba da sanarwar cewa a na'urarta, inda ake gudu da cibiyoyin dalma kusan da saurin haske, wasu sukan zubar da furoton uku su zama zinare. Tsakanin 2015 da 2018 an samar da kimanin biliyan 86, waɗanda nauyinsu duka fikogiram 29 ne, kuma fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram. Ko wannan ma ba ya kai ƙiftawar ido yake tarwatsewa. Duk wanda ya ce maka zai dafa maka zinare a tukunya, riƙe aljihunka.

Adadin niyutiron kuwa yana iya bambanta ba tare da sinadarin ya canza suna ba. Irin waɗannan 'yan gida ɗaya ana kiransu aisotof, kuma sun taɓa mu ta wurare uku. Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a jihar Yobe ta yau, da kabon mai lamba 14, wato jimillar furoton da niyutiron ɗinsa, aka gano shekarunsa: rabin wannan aisotof yana ruɓewa duk shekara 5,730, abin da ya rage a itacen ya nuna wajen shekara 8,000. Yuraniyam da ake haƙa a Arlit tun 1971, kashi 99.3 cikin ɗari mai lamba 238 ne, kashi 0.7 kacal ne mai lamba 235 da ke ba da wuta. Tace shi zuwa kashi 3 ko 5 ya yi lantarki, zuwa wajen 90 ya yi bam, kuma duk taƙaddamar nukiliyar duniya a kan wannan kason take. A Zariya kuma, ƙaramar na'urar nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004, tana harba niyutiron a kan samfurin ƙasa ko dutse ko abinci don a karanto sinadaran da ke ciki. A 2018 aka sauya mata makamashi daga mai kashi 90 zuwa mai kashi 13.

Yadda jiki ke ruɗuwa

Halin sinadari a ilektiron na waje yake. Nils Bor ya nuna a 1913 cewa hawa-hawa suke zaune. A ƙananan ƙwayoyi hawan farko yana ɗaukar biyu, na biyu takwas. Sodiyam yana da guda ɗaya tilo a hawansa na waje, yana neman yar da shi, shi ya sa in ya taɓa ruwa yake tartsatsi. Kulorin saura masa ɗaya ya cika, shi ya sa yake iska mai guba, har an yi yaƙi da ita a 1915. Sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa, sai ga gishirin miya. Zinare yana riƙe da nasa gam, ba ya bayarwa cikin sauƙi. Shi ya sa ba ya tsatsa, ake tsintarsa tsantsa a ƙasa, alhali baƙin ƙarfe sai an narka tama an ƙwato shi daga oksijin.

Dalma kuwa tana sakin ilektiron biyu. Kalsiyam, wanda jiki ke gina ƙashi da haƙori da shi, jijiyoyi kuma ke aika saƙo da shi, shi ma biyu yake saki. Haka ƙarfen da ke cikin jini, haka zinki. Sai hanji ya ga mai caji biyu ya buɗe masa ƙofa. Dalma ta shiga ta zauna a gurbin da ba nata ba, ta kasa yin aikin, ta hana mai gurbin yi. Ta toshe haɗa jini, ta rikita ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ta kwanta a ƙashi shekaru da dama, in mace ta sami ciki kuma ta fito tare da kalsiyam ta isa ga ɗan tayi. Jikin yaro yana zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke zuƙa, wanda ba ya samun isasshen abinci kuma ya fi kowa. Maganin da aka yi amfani da shi a Zamfara, sakisima, shi ma dabarar ilektiron ce: yana da ƙwayoyin farar wuta biyu da ke cafke dalma su fita da ita ta fitsari, domin dalma da farar wuta akwai ƙauna a tsakaninsu. Abin da ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa dai ba ya gyaruwa.

Wannan ƙaunar ce ta kawo mu kan wani abu da ke cikin adakar iyayenmu. Haɗin dalma da farar wuta dutse ne baƙi mai ƙyalli da ake kira galina, kuma kwallin gargajiya da yawa shi ake niƙawa. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, aka auna shi, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Ba ta fatar ido take shiga ba galibi, yaro ne ke murza ido ya kai hannu baki. Ba kowane kwalli ne haka ba, amma babu mai iya bambancewa da kallo ko da taɓi, sai ɗakin gwaji. Kafin hukumomin lafiya da jami'o'inmu su bi kasuwanni su auna abin da ake sayarwa su faɗa wa jama'a sakamakon da harshen da suke ji, uwa da kaka da ungozoma su taimaka su ɗauke kwalli daga idon jariri.